Tambayoyin da ake yi min a shago kan waya da intanet, da amsar da nake bayarwa

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a Kano. Na fara ne tun zamanin da ake jera wayoyi a kan benci ana caji da ɗan janareto, daga baya na shiga turi, wato tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a memori, kafin Allah Ya sa na koyi gyara. Toh a zaman shagon nan na lura rabin masu kawo min waya lafiyar wayarsu ƙalau, wani abu ne ya same su a cikinta kuma ba su san wa za su tambaya ba, wasu ma kunya ce ke hana su. Tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne kullum har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. Wasu na amsa a gajarce, wasu kuwa sai kun yi haƙuri da ni don abin yana ci min rai.

Injiniya, datata ba ta kwana biyu. Sace min ake yi ne?

Wannan ita ce ta ɗaya kullum. Gaskiya data ta yi tsada, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 kowa ya ji a jikinsa. Amma in na karɓi wayar mai ƙorafin na shiga saiti wajen da ake ganin abin da kowace manhaja ta sha, yawanci ɓarawon yana gida. TikTok da Facebook da kallon sitatus. Bidiyo shi ne mai cin data, rubutu da saƙon murya ba su cin komai idan aka gwada da shi. Mutum zai kwanta bayan isha'i yana jan yatsa sama har ƙarfe ɗaya na dare, gari ya waye ya zo yana rantsuwa bai taɓa komai ba.

Abu uku za ka yi. Ka shiga WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyon gurup da kansa, don in kana cikin gurup ashirin kowace gaisuwar Juma'a mai furanni a kanka take sauka. Ka shiga Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu da datarka. Sannan ka duba wa ka taɓa ba wa hotsifot, ƙannenka ba sa mantuwa da lambar. Ragowar data ana dubawa da *323# a kowane layi yanzu. In ka yi duk wannan kuma har yanzu lissafin bai fita ba, 622 layin kai ƙorafi ne na NCC, kyauta ne.

An kira ni wai daga banki, sun faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, sun ce za a rufe min asusu in ban ba su lambar da aka turo ba. In bayar?

Kar ka bayar. Kashe wayar kawai, ba sai ka yi sallama ba.

Bari in ba ku labarin da ya sa na fara wannan rubutun. Wata Hajiya da ke saye da sayar da atamfa ta zo min da hantsi, mayafinta ma a karkace, tana cewa wayarta ta lalace kuɗi na fita da kansu. Na ce Hajiya zauna ki sha ruwa. Da na duba saƙonni sai ga alat huɗu a jere cikin minti goma, dubu hamsin hamsin. Na tambaye ta wani ya kira ki yau? Ta ce eh wani yaro mai ladabi, da Hausa ma ya yi mata magana har yana ce mata Mama, ya ce BVN ɗinta ya samu matsala amma kar ta wahalar da kanta zuwa banki a wannan ranar, shi zai gyara mata daga ofis. Ya ce ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta na ATM gaba da baya, ta karanto. Ya ce yanzu saƙo zai shigo da lamba shida, ita ma ta karanto masa. Shikenan. Abin da ya fi ƙona mata rai ta ce har addu'a ta yi masa kafin su rabu.

Wannan lamba shida da ake kira OTP ita ce makulli na ƙarshe. Ɓarawon ya riga ya samu sauran bayananka, wataƙila daga wani fom da ka taɓa cikewa ko takardar da ka bari a wajen fotokwafi, shi ya sa yake jero maka sunanka da na mahaifinka don ka saki jiki. Abin da ya rage masa kawai lambar da banki ya turo wa layinka, kuma ba shi da hanyar samunta sai daga bakinka. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar OTP, ba ya tambayar PIN, ba ya tambayar lamba ukun nan na bayan kati. Kuma ku lura da gaggawa, kullum za su ce yanzu-yanzu, nan da awa ɗaya za a rufe. Gaggawar da gangan ce don kar ka samu sararin tambayar wani.

In kuwa aikin gama ya gama ka riga ka bayar, kar ka tsaya salati da kiran 'yan uwa, fara toshe asusun tukuna. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a toshe asusu ko da daga wayar wani ne, ka nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Daga nan ka tafi bankin da ƙafarka a ranar.

An ƙwace min WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunana. Ta yaya aka yi?

Kusan kullum hanya ɗaya ce. Wani ya kira ka ya ce shi ɗan gurup ɗinku ne na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci, za a yi mitin da daddare ta intanet, an turo maka lambar shiga ka karanto masa ya saka sunanka. Lambar nan ta rajistar WhatsApp ɗinka ce, shi ne ya saka lambar wayarka a tasa wayar aka turo maka ita. Kana faɗa masa ka fita shi ya shiga, ya bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya: ɗan taimaka min da dubu ashirin ina asibiti, zuwa yamma zan mayar. Kuma daga cikin gurup ɗinka zai zaɓi na gaba da zai kira.

Maganinsa minti biyu ne. A saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, ka saka lambar sirri shida taka ta kanka wadda ba shekarar haihuwarka ba, ka haɗa da imel in kana da shi. In an riga an ƙwace, ka sake rajista da layinka tunda sim ɗin yana hannunka, wani lokacin sai ka jira kwana 7 in ɓarawon ya riga ka saka tasa lambar sirrin. Kafin nan ka kira mutane ta waya ka sanar. Ku kuma masu karɓar irin wannan saƙon, dan Allah ku dinga kira ku ji murya kafin ku tura ko sisi.

An nuna min alat na ba da kaya, kuɗi ba su shigo ba.

Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da aka rasa takardar naira, mai shayi da mai kayan miya da mai adaidaita duk aka koma taransifa, har kakata da ba ta yarda da banki ba sai da aka buɗe mata asusu. Abin ya kawo sauƙi ba ƙarya, sai dai ya zo da nasa ɓarayin. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, yaro ɗan sakandare zai haɗa maka shi a waya. Saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ko ka danna lambar duba balas ka ga kuɗin sun hau da idonka, sannan kaya su bar shago. In ya ce sauri yake netwok ne, ya bar kayan ya dawo, ai ba gudu za su yi ba.

Ana ta turo wani linki wai tallafin gwamnati, ko kyautar data, a cike a tura wa gurup biyar. Gaskiya ne?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da aka ce sai ka tura wa gurup kaza kafin a ba ka, ƙarya ne, ban taɓa ganin wanda ya samu ba kuma na ga waɗanda suka zuba NIN da BVN da lambar asusu a ciki. Shafukan gwamnatin Najeriya adireshinsu yana ƙarewa ne da .gov.ng, ka duba can sama inda adireshin yake, tambari da hoton shugaban ƙasa kowa zai iya liƙawa.

To yaya zan gane labarin ƙarya? Wani lokacin har da bidiyo da murya.

Wanda ya kai shekara ashirin da biyar zai tuna daren ruwan gishiri. Watan Agustan 2014 ne bayan cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare waya ta dinga ƙara gida-gida, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin asuba. Mu ma an tashe mu a gidanmu, na ga dattijo mai hawan jini yana kurɓa. Mutane sun kwanta asibiti a wannan ranar, wasu sun rasa ransu. Kuma duk wanda ya kira ɗan uwansa a daren nan don ƙauna ya kira. Abin da nake so a gane ke nan, labarin ƙarya ta hannun mutanen kirki yake yawo, yayarka ce za ta turo maka, ko limaminku. A lokacin ma wayar shafa ba ta yi yawa haka ba. Sai kuma na 2018 da aka dage wai marigayi Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito a ƙasar Foland ya ce shi ne dai da kansa, kuma har yau akwai wanda in ka zauna da shi a majalisa zai rantse maka.

Ni ga yadda nake yi. Na farko in tambayi wanda ya turo min, kai a ina ka samu? In ya ce a wani gurup, toh babu mai shi ke nan. A kasuwa in aka ce maka an ce farashi ya faɗi ai sai ka tambayi wa ya ce, ban san me ya sa in abu ya shigo ta waya muke ajiye wannan wayon ba. Na biyu in duba ko manyan kafafe sun ɗauka, BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya, Freedom Radio, in abu ya kai girman da ake faɗa ba zai wuce su duka ba. Na uku hoto. Sau da yawa hoton gaske ne amma na wata ƙasa ne ko na shekara biyar baya, a ɗauko gobarar wani wuri a ce kasuwar garinku ce. In ka saka hoton a Google Lens zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Akwai kuma masu aikin bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check.

Saƙon murya shi ya fi ba ni tsoro a wajenmu, wani ya yi sallama cikin natsuwa ya ce shi likita ne ko soja ne, ba suna ba gari, ya yi minti bakwai yana zuba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana ɗaukar fuskar malami ko ɗan jarida sananne a sa masa maganar da bai yi ba, yawanci tallan maganin gargajiya ko harkar zuba kuɗi. Ka kalli leɓe ko yana tafiya da maganar, ka saurari Hausar, za ka ji karin sautin yana faɗuwa inda Bahaushe ba ya faɗar da shi. Amma kullum ƙara gwanancewa suke, don haka hanyar da ta fi ita ce ka je shafin mutumin na ainihi ka ga ko ya saka.

Kuma duk labarin da ka ji jininka ya hau kana karantawa, musamman na ƙabila da addini, ajiye wayar ka yi alwala tukuna. An gina shi ne don ya yi maka hakan.

Ban yi boko ba. Zan iya da wayar shafa?

Baba ai kun fi kowa cin moriyarta. Ina da kwastoma dillalin shanu, ko sunansa ba ya rubutawa da boko, amma da saƙon murya da bidiyo yake cinikin miliyoyi tsakanin Wudil da Legas, a zagaya sa da kyamara ya ga tozo ya ga ƙafa ya yi tayi. Mutanensa da hoto yake gane su. Facebook yana da Hausa tun 2016, fassarar Google ma tana da ita, sai dai wani lokacin Hausar tata sai ka yi dariya. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa har da ƙ da ɗ da ɓ, akwai na Larabci ga mai ajami.

Inda matsalar take shi ne wa ya buɗe maka asusun. Yawanci wani yaro ne a bakin kasuwa ya buɗe imel ɗin, ya saka fasawod da ya ga dama, bai faɗa maka ba kai ma ba ka tambaya ba. Ranar da waya ta faɗa ruwa sai a zo min a ce in dawo da lambobi, in ce mene ne imel ɗinka, a ce wane ne kuma imel. Ka sa ɗanka ko wanda ka yarda da shi ya rubuta maka imel da fasawod a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. PIN na banki kuwa ka haddace, wanda ya haddace izu sittin lamba huɗu ba za ta gagare shi ba, kuma a daina miƙa wa mai POS kati ana faɗa masa lambar da baki a gaban layi.

Wayata tana sauraron hirata ne? Ina maganar abu sai in ga tallansa.

Ba ta ma buƙatar saurarenka, abin da kake ba ta da hannunka ya ishe ta. Manhajar tana lissafin daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ka maimaita, wa kake bi, a wace unguwa kake kwana, su wa ke cikin lambobinka kuma su me suke nema. Shi ya sa mai cewa TikTok ɗinsa duk rawa ce nake masa murmushi kawai, don na abokina duk kiwon kaji ne da gyaran injin ban ruwa. Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, iya daɗewarka a ciki iya ribarsu, saboda haka abin da zai riƙe ka suke turo maka ko mai amfani ne ko faɗan malamai da 'yan fim. In kana so ka canza, ka daina tsayawa a kan abin da ba ka so, ko zagi ka shiga yi a kwament su a wajensu sha'awa ce. Ka kuma duba izinin da ka ba kowace manhaja, tocila ba ta da abin yi da makirfo ko lambobin mutanenka.

'Yata ta gama sakandare tana so in saya mata waya, babanta ya ce a'a. Me ka gani?

Hajiya wannan maganar gida ce, ni dai abin da na gani zan faɗa. Jarrabawar JAMB tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, neman gurbin karatu, duba sakamako, neman aiki, duk ta intanet. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa an cuce shi. Na kuma ga yaran da aka hana, suna da wayar a ɓoye wadda saurayi ya saya, wannan kuwa ta fi haɗari don in abu ya faru ba za su iya faɗa a gida ba.

In za a saya a saya da sharaɗi tun ranar farko. Waya ba ta kwana a ɗaki, a falo ake cajinta. Ki san abin da take bi, ki zauna ku kalla tare wani lokacin. Sannan magana ɗaya da nake so kowace uwa ta faɗa wa 'yarta da ɗanta ma: hoton da ba za ki so babanki ya gani ba kar ki ɗauka, balle ki tura, ko da wanda ake cewa gani ɗaya ya goge ne, don ana ɗaukarsa da wata wayar. In kuma tsautsayi ya faɗa wani yana barazanar zai watsa sai an ba shi kuɗi, kar a biya, in an biya yau gobe zai dawo. A ajiye saƙonnin a matsayin shaida a kai wa hukuma. Amma yarinya ba za ta faɗa ba sai ta tabbatar ba kashe ta za a yi da duka ba.

Ƙananan yara kuwa da ake miƙa wa waya don su yi shiru, su kansu kamfanonin su TikTok da Facebook sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi.

Da gaske ana samun kuɗi a intanet?

Ana samu, amma waɗanda na sani suna samu wani abu suke sayarwa. Matan aure da ke saka turaren wuta da dambun nama da kayan kicin a sitatus, ɗan sahu ko mai babur ya kai, ba su taka ƙofar gida ba. Marubuta da ke sayar da littafi shafi-shafi a gurup. Tela da ke saka ɗinkinsa a Instagram ana masa oda daga Abuja. Masu YouTube kuma sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma da yawa sun sayi kyamara sun gaji a hanya.

Wanda ba a samu shi ne zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe a Disambar 2016 da kuɗin mutane. Aka ce an yi hankali. Sai ga CBEX a Afrilun 2025, ita ninki ma ta yi alkawari cikin kwana 30, ta tafi da na wasu har da kuɗin gida da na aure. Na farko-farko ana biyansu da kuɗin na baya don su zama masu talla, shi ya sa wanda zai jawo ka ɗan uwanka ne kuma da gaske ya ga alat. Tambaya ɗaya ce, me suke sayarwa da ke kawo wannan ribar? In amsar ta yi tsawo ka riƙe kuɗinka.

Manhajar bashi ta tura wa mutanena saƙo wai ni ɓarawo ne.

Lokacin da ka sauke ta ta nemi izinin shiga lambobinka ka danna eh ba ka karanta ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara dirar musu tun 2022 kuma tana karɓar ƙorafi, ka ɗauki hoton saƙonnin ka kai. Bashin dai ka biya abin da ka ci, sannan ka goge ta. Kar ka ci na wata don ka biya wata, na ga wanda ya tara guda tara a waya ɗaya.

Za a iya kama mutum saboda fostin?

Ƙwarai. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, sashe na 24 shi aka fi kama mutane da shi, ga kuma dokokin ɓata suna da suke nan tun da. A nan Kano a 2022 kotu ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 da tara da sharar kotu saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. Ni ina ganin ana wuce gona da iri wani lokacin, manya na amfani da dokar su toshe bakin talaka, kuma faɗin ra'ayi kan yadda ake mulkinka haƙƙinka ne. Amma sukar aiki daban, ƙaga wa mutum sata ko zina ba hujja daban. Sunan bogi kuma ba ya ɓoye kowa, tun Disambar 2020 aka ce a haɗa kowane layi da NIN. Wanda ya tura abin da wani ya rubuta shi ma kar ya ɗauka ya tsira.

Maigidana in ya dawo ba ya magana da kowa sai waya.

Wannan ba a shagona ake gyara ta ba Hajiya, amma ba ke kaɗai ba ce, maza ma suna kawo min ƙarar an ƙona miya. Ni kaina sai da matata ta ce min wata rana in turo mata saƙo ta WhatsApp ko za ta samu amsa, muna zaune a tabarma ɗaya. Abin da muka yi shi ne in an ajiye abinci waya tana kan firji. Ba kullum nake cikawa ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa waya ta kashe zumunci gaba ɗaya ba. Gwaggona tana Kumasi, da sai shekara uku ba mu ji muryarta ba sai in wani fatake ya kawo kaset, yanzu duk Juma'a tana ganin jikokinta. Abin da ya ragu shi ne takawa, mutum yana unguwa ɗaya da kai a yi maka rasuwa ya turo sitika.

Zan sayar da wayata, ko zan kawo gyara. Me zan fara yi?

In gyara ne cire sim da memori, kuma in aikin na sikirin ne ko wajen caji ba dole sai ka ba da lambar buɗewa ba, ka tsaya a gwada a gabanka. Mu masu gyara akwai masu amana akwai waɗanda ba su da ita, kamar kowace sana'a. In sayarwa ne ka kwashe hotunanka, ka fita daga imel da WhatsApp da manhajar banki, sannan a yi mata wankin gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa. In kai ne mai sayen ta hannu ka karɓi rasit da kwali, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI ta yi daidai da ta kwalin, don wayar sata in aka biyo sawu wanda aka samu da ita a hannu shi ke kwana a caji ofis.

Sim ɗinka ma ka saka masa PIN. Ɓarawon waya yanzu layin ya fi so, ya zare ya saka a ƙaramar waya ya shiga asusunka ta lambobin banki. Ka ajiye katin da sim ya zo a jiki don lambar PUK tana nan, in ka kuskure PIN sau uku ita za a nema. Layin da ka daina amfani da shi kuma ka je banki a cire shi daga asusunka, in ya daɗe a ajiye sake sayar da shi ake yi, wani ya dinga karɓar alat ɗinka.

Mahaifinmu ya rasu, wayarsa a kulle, kuma muna jin akwai kuɗi da lissafin bashi a ciki. Za ka iya buɗewa?

Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Wannan tana zuwa min fiye da yadda kuke zato. Gaskiyar magana wayoyin yanzu in na yi mata filashin za ta buɗe amma komai na ciki ya tafi, wasu ma ko bayan hakan sai sun nemi imel ɗinsa. Don haka kar ku bari kowa ya taɓa ta tukuna, kar kuma yara su yi ta gwada lambobi har ta kulle gaba ɗaya. Ku tambayi mahaifiyarku ko ƙaramin cikinku, sau da yawa autan gida ya san zanen don shi ke buga gem a ciki. Kuɗin banki ba ta waya ake fitar da su ba ko da kun san PIN ɗin, haƙƙin magada ne, ku je bankin da takardar shaidar rasuwa da takardun kotu a bi hanya. Layinsa ku ci gaba da saka masa kati kar ya mutu, masu binsa da waɗanda yake bi ta nan za su kira.

Wani saurayi ya kawo min ta babansa bara, muka yi sa'a ƙanwarsa ta san lambar. Ya ce in duba masa lissafin shago, muka samu, dattijon ashe duk wanda ya karɓi kaya bashi sai ya yi wa kansa saƙon murya ya faɗi suna da adadi da rana. Guda arba'in da wani abu. Yaron ya zauna a bencina ya sa a kunne yana rubutawa a bayan kwalin caja, da ya zo kan wani sai ya ji baban ya ce wannan na yafe masa kar a tambaye shi. Ya ce min Injiniya tura min duka a memori biyu, ɗaya na Umma.